Ranar da Na Turara Samfurin Muhandis

Ba zan taɓa mantawa da Larabar nan ba, rana ta biyu ta baje kolin fasaha a nan Jidda. Har yau in ta faɗo min a rai sai na ja mayafi na rufe fuska.

Wani kamfani mai sayar da injinan 3D ne ya ɗauke ni gwajin kwana uku, in tsaya a rumfarsu ina yi wa baƙi bayani da Larabci. In na yi abin kirki, su riƙe ni a ofishinsu na unguwar Bagdadiyya. Shugabana Muhandis Laminu ne, wato injiniya, mutumin Damagaram, wanda bai san wasa ba.

Injinan nan sun tafi da hankalina. A shimfiɗa garin ƙarfe mai laushi kamar kwalli, wani siririn haske ya bi ta kansa yana rawa, a sake shimfiɗa wani, sannu a hankali har abu ya taso daga cikin garin kamar an tashe shi daga barci. Nakan tsaya ina kallo ina haɗa baitoci a zuci (baƙi kuwa na tsaye suna jiran takardar bayani). Jumla ɗaya na haddace, ina ta rera ta: "Wannan titaniyom ne, yana jure zafin injin jirgin sama."

Da la'asar Muhandis ya ce, "Mai masana'antar tace ruwa na zuwa ganin samfurinsa. Ki gyara wurin kafin in dawo daga salla, yalla, maza."

To, a gidanmu na unguwar Sharafiyya gyaran wuri turare ne. Ummi, mahaifiyata, ba ta yarda baƙo ya shigo ɗaki ba hayaƙi. Ina da turaren wutarta a jaka, ina da gawayi mai kamawa nan take, kasko ne kawai na manta. Sai idona ya faɗa kan wani abu mai ruwan toka a teburin nuni, kamar kofi, jikinsa duk ƙananan ƙofofi irin tagogin katakon tsohon garin Jidda. Na ɗaga na ji shi sakayau. Na ce a raina, ikon Allah, ƙarfe ya koyi tawali'u.

Na sa garwashi, na barbaɗa turare. Wallahi ya yi kyau. Hayaƙi na fita ta kowace ƙofa zare-zare, mutane na tsayawa ɗaukar hoto. Ni kuwa a zuci tuni na isa Bagdadiyya, ina zaune a teburina kusa da taga.

Sai ƙamshin ya juya ya koma ƙaurin roba. Kofin ya karkata a hankali kamar mai gyangyaɗi, gindinsa ya zube a tebur. Ashe nailan ne aka gauraya da ƙurar alminiyom. Ashe kuma shi ne samfurin, wanda injin ya yini yana ginawa.

Daidai nan Muhandis ya iso da baƙonsa.

"Innalillahi! Wuta kusa da garin ƙarfe? Ya binti, ke yarinya, so kike ki tashi da mu duka?"

Ya kwashe kwalaben garin ƙarfen da ke kan teburin ya rungume su ya ja baya. Baƙon, wani dattijo Balarabe, ya sunkuya ya duba, ya tambaye ni a natse, "Wannan ce matatar tawa?"

Na ce, "Ita ce... ɗazu."

An sake buga masa wata washegari, haka na ji labari. Ni dai abin da Muhandis ya ce min shi ne, "Halas, shi ke nan, gobe ki huta a gida." Har yau hutun nake.

Na koma ina kuka na ba Ummi labari. Ta taɓe baki ta ce, "Abin da bai iya jure garwashi ɗaya ba, me ya kai shi baje koli?"

Na yi dariya da hawaye. Amma na ɗau darasi: in abu ya yi min kyau har na fara yi masa waƙa, sai in dakata in tambayi da me aka yi shi.