Sakan Talatin da Shekara Bakwai

Ba zan taɓa mantawa da yammacin Asabar ɗin da muryata ta fito a talabijin ba, kuma ko na so in manta, tsofaffin da muke zama da su a gindin darbejiyar bakin kasuwar Zuru ba za su bar ni ba.

Ni tsohon soja ne. Aiki ya kai ni Lebanon, ya kai ni Chadi, ya kai ni Laberiya da Saliyo. Bayan C'lela, yarenmu na Dakarkari, da na tashi da shi, da Hausar da muke ciniki da ita, ina jin Turanci da Yarbanci, ina iya sayen burodi da Faransanci, Larabcina kuma ya isa in yi wa direba faɗa. Na faɗi wannan ne don ku san girman mutumin da ya faɗi.

Jikata Rahila, 'yar babban ɗana, a bariki ta girma, yanzu tana karatun aikin jinya a Kaduna. Ita ce ta samu shiga wani shirin kacici-kacici da ake nunawa kai tsaye da Hausa duk Asabar bayan la'asar. Mutum uku ake zaunarwa, a yi ta jefa musu tambayoyi, wanda ya yi fice ya wuce zagayen ƙarshe, inda ake ɗaukar nauyin karatun wanda ya ci. Kowa yana da damar kiran mutum ɗaya a waya idan ya maƙale. Rahila ta bugo mini ta ce, “Tsoho, sunanka na bayar. Kai da ka zaga duniya, kar ka ba ni kunya.” Na ce, “Yarinya, ki shiga da ƙarfinki. Duk abin da suka tambaya, ko na gani da idona ko na kwana kusa da shi.”

Mako biyu na yi ina shiri. Na zaro tsohuwar taswirata daga ƙasan akwati, na bi manyan birane ɗaya bayan ɗaya, na bi koguna, na bi kuɗin ƙasashe. Matata Saratu, wadda tafiyarta mafi nisa ita ce Jos, ta riƙa wucewa da tsintsiya tana cewa in ɗaga ƙafa. (Sau ɗaya ta tambaye ni ko akwai abin da za ta taya ni haddacewa. Na ce mata ta bar wa masu abin abinsu. Allah ya yafe mini.)

Ranar Asabar na sayi man janareta tun da safe. Na gayyaci Sajan Bawa, wanda muka ci wuyar Laberiya tare, da maƙwabcina Malam Umaru ɗan Mahuta, da duk wanda na haɗu da shi a hanya. Falo ya cika har wasu suka zauna a ƙasa. Saratu ta dama kunun zaƙi ta cika roba.

Aka fara. Abokan karawar Rahila su ne wani malamin firamare daga Gusau mai yawan gyara hula, da wata tela daga Zariya da ke rufe ido kafin ta ba da amsa. Rahila tana tsakiya cikin atamfa shuɗiya, ta haɗe hannuwa a cinya kamar kakarta a coci. Tambayar farko, ƙafa nawa gizo-gizo yake da su. Telar ta ce takwas, aka tafa. Aka tambayi malamin kuɗin da ake kashewa a Nijar, ya ce sefa, ya gyara hula. Aka tambayi Rahila babban birnin Saliyo. Kafin ta buɗe baki na riga na miƙe tsaye na faɗa, har na ƙara da sunan unguwar da muka sauka. Sajan Bawa ya ce, “Oga, zauna mana, ai ba kai aka tambaya ba.”

Haka aka yi ta tafiya. Malamin Gusau ya fita a kan wata tambaya ta ƙashin jikin mutum, ya kira ƙaninsa, ƙanin ma bai sani ba. Na girgiza kai na ce wa falo, “Kun ga illar kiran wanda bai fita ko'ina ba.” Aka bar Rahila da telar, makinsu daidai. Telar ta ci tata tambayar ta ƙarshe. Saura ta Rahila: in ta ci a yi musu raba-gardama, in ta faɗi ta koma gida.

Ban ji tambayar ba, don tun kafin a karanta na ɗauki waya na fita. An gargaɗe mu cewa wanda za a kira ya nisanci talabijin saboda ƙara. Na tsaya a gindin mangwaron tsakar gida, na gyara wuyan riga kamar ana ganina. Waya ta yi ƙara.

“Baba, daga ɗakin shiri ne,” in ji mai gabatarwa. “Rahila tana neman taimakonka. Kuna da sakan talatin, daga yanzu.”

A nan ya kamata in tsaya in kare kaina kaɗan. Na zauna da sojojin Turai a Lebanon waɗanda gaisuwarsu ɗaga gira ce. Na ga Larabawan da ba sa shiga magana sai an sha gahawa sau biyu. Ko'ina na je na bi tsarin mutanen wurin. Amma wannan yaro da Hausa ya yi mini magana, ya kuma kira ni Baba, a gaban duk Arewa. Bakina bai nemi shawarata ba.

“Madalla. Ina wuni, ɗana?”

“Lafiya lau, Baba, lokaci yana...”

“Ya aiki? Ya mutanen gida?”

“Tsoho!” Muryar Rahila ce. “Golmo! Shekara nawa saurayi yake yi a al'adar Dakarkari? Uku, biyar, bakwai, ko tara?”

Golmo. Ga wanda bai sani ba, shi ne noman da saurayi yake yi da abokansa a gonar uban yarinyar da zai aura, damina bayan damina, kafin a ba shi ita. Ni na yi shi. Da waɗannan hannuwan na yi shi, a gonar mahaifin Saratu da ke hanyar Manga. Mako biyu ina haddace kogunan wasu mutane, sai ga tambaya ta shigo har cikin gidanmu ta zauna. Wani daɗi ya rufe ni. A duk yawona ban taɓa jin an ambaci sunanmu a talabijin ba sai in ana lissafin sojoji. Na ji kamar an ba ni dama in gabatar da iyayena.

Na yi dariya na ce, “Golmo? Rahila, ai kin zo gida! Ni nan da kike ji na yi shi. Amma ya kamata masu kallo su fahimta, wannan ba bauta ba ce, tarbiyya ce. A Laberiya na ga wata al'ada mai kama da ita, sai dai su...”

Ta tagar falo na hango Sajan Bawa yana dukan gilashi da tafin hannu, Malam Umaru yana ɗaga yatsu sama. Na ɗauka jinjina suke yi mini. Wallahi har hannu na ɗaga musu. Su kuwa agogo suke gani a fuskar talabijin yana cin lambobi, biyar, huɗu, uku. Sai ga Saratu ta banko ƙofa ba takalmi, ɗankwali a hannu, matar da gwiwa ta hana ta hawa matakalar coci, tana gudu tana ihu, “Bakwai! Ka ce bakwai!”

Ƙit. Layi ya yanke. Na tsaya da waya a kunne ina cewa, “Halo? Halo?”

Da na koma falo ba wanda ya kalle ni. A talabijin mutanen ɗakin shirin suna ta dariya, mai gabatarwa yana share ido, yana cewa tun da ya fara wannan aiki ba wanda ya taɓa tambayarsa mutanen gida. Rahila ta rufe fuska da tafi biyu. Da ta buɗe, murmushi take yi, amma na san wannan murmushin, na mai riƙe kuka ne. Ta ce, “Kakana ke nan. Ko gobara ake yi sai ya gaishe ka.” Aka sake dariya. Sannan ta ce a ganinta bakwai ta yi yawa, wa zai iya? Ta zaɓi biyar.

Telar Zariya ce ta wuce.

Baƙi suka sulale ɗaya bayan ɗaya, ko kunun ba a shanye ba. Malam Umaru ya dafa kafaɗata ya ce, “Haka Allah ya so,” amma na ga yana danne dariya. Na kashe janareta na zauna a kan turmi a tsakar gida. Rana ba ta faɗi ba tukuna. Saratu ta zo ta zauna kusa da ni tana murza gwiwa. Na jira faɗa, na kuma san na cancanta.

Ta ce, “Wai bakwai ta yi yawa, wa zai iya.” Ta yi 'yar dariya. “Ba ta san ina leƙen ka ta bayan rumbu duk shekarun nan ba. Babana yakan ce, wannan yaron kafin ya gama gaishe ni abokansa sun nome kunya uku. Amma da aka zo magana cewa ya yi, mai gaisuwar nan za a ba.”

Shekara hamsin da wani abu muna tare, ban taɓa jin wannan ba.

Ni na kasa kiran Rahila, ita ta kira. Na fara, “Ki yafe wa tsoho...” Ta katse ni. Ta ce ta yi kukanta a bayan ɗakin shiri ta gama, kuma sun ce za ta iya sake nema baɗi. Sannan ta ce, “Da gaske shekara bakwai ka yi saboda Kaka? Ba wanda ya taɓa faɗa mini. Kullum labarin Lebanon kake ba mu.” Gaskiya ta faɗa. Ta ce, “To yanzu ba agogo. Faɗa mini.” Na ba ta labarin gonar, da waƙoƙin da muke yi a bakin kunya, da shekarar da ƙaya ta shige mini ƙafa na ƙi nunawa don kar a ce rago ne. Saratu tana gefe tana gyara mini duk inda na ƙara gishiri. Sai da cajin wayar ya ƙare.

Yanzu in na doso gindin darbejiya, tun daga nesa Sajan Bawa yake ɗaga murya, “Bakwai!” sauran su amsa, “Ya mutanen gida?” Nakan zauna in karɓa, don ni na saya da bakina. Abin da na koya a wannan tsufa shi ne, in naka ya kira ka yana cikin matsi, fara miƙa masa abin da ya nema, gaisuwa da tarihin Laberiya su biyo baya. Rahila ta ce baɗi sunan kakarta za ta bayar. An ce ni kuma zan riƙe wa Saratu tabarau.