Baba Gana da Littafin Ɗan Akuya

Ko zan manta da komai na zamana a Maiduguri, ba zan taɓa mantawa da yammacin da na kai wa Baba Gana littafi ba. Har yau in abin ya faɗo mini a rai, sai kunya ta lulluɓe ni sabuwa fil, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

A farkon shekarun tamanin aka turo ni koyarwa wata firamare a garin, ina saurayi ɗan Zariya, ga sabon keke, ga ji da kai. Hedimasta ya lura ina son karatu, sai ya danƙa mini makullin kabad ɗin littattafan makaranta. Kabad ɗaya ne tal, ƙafarsa guda ma bulo aka sa aka tokare, amma ni laburare nake ce masa, kuma wanda duk ya kira shi kabad a gabana ya ɓata da ni ranar. Daga nan wata cuta ta kama ni, cutar zaɓa wa mutane littafi. Ba ka isa mu gaisa mu rabu ban gaya maka abin da ya kamata ka karanta ba. Malamai, iyayen yara, mai wankin hulata, har direban motar haya, kowa na rubuta masa magani kamar likita. Taƙamata ita ce, a ba ni labarin mutum kaɗan kawai, zan faɗi littafin da ya dace da shi ba tare da na gan shi ba. (Ka riƙe wannan taƙamar, za mu dawo kanta.)

Cuta ta biyu kuma ita ce Kanuri. Na tsinci 'yan kalmomi a bakin yara, na ɗauka na gama da yaren. Na san "wushe" gaisuwa ce, na san "kura" babba, "gana" kuma ƙarami. Ga shi ajina cike yake da yara masu suna Babagana, in na kira ɗaya sai hannuwa su tashi ta ko'ina. Saboda haka a kaina magana ta zauna daram: duk inda ka ji Baba Gana, to ɗan yaro ne mai gajeren wando.

Ana nan sai na ga Falmata. Ɗaliba ce a kwalejin horar da malamai, tana zaune wajen gwaggonta a Maisandari, mahaifinta ya rasu tun tana ƙarama. Ba zan ɓoye ba, na so ta so mai tsanani, irin wanda ke sa mutum ya taka keke cikin ranar Maiduguri bai ji zafi ba. Abokin aikina Modu, ɗan gari ne, shi ya zaunar da ni ya ce, "Ka ga, maganar aurenta tana hannun Alƙali, ƙanin mahaifinta, a babban gidansu na Mafoni. Ya yi ritaya, amma har yanzu in ya yanke magana ba a ɗaukaka ƙara. Ya sha korar masu nema, kai kuma baƙo ne, ba wanda ya san asalinka a nan. Za mu je gaisuwa ya gan ka. In ka kwanta masa, zai ce a turo manya. In bai ce ba, ka haƙura kawai." Ya ƙara da cewa goro da turare shi zai tanada, ni dai aikina in yi shiru.

To shirun ne ban iya ba. Na tambayi Falmata me zan riƙe na kaina, don kada in shiga gidansu hannu na dukan cinya. Ta yi ɗan tunani ta ce, "Tunda kai mai littattafai ne, ka kai wa Kaka da Baba Gana. Duk gidan su biyu ne masu son karatu." Na gyara zama irin na ƙwararru, na ce ta ba ni halinsu. Ta ce, "Kaka dai surutu, ga labari, in ta kama ka ba ka tashi. Haƙoranta na gaba duk sun zube, amma bai hana ta magana ba." Na gyaɗa kai, na ce Allah sarki. Ta ce, "Baba Gana kuwa rigima. Abinci sai an yi ta lallashi, magani sai da dabara, kuma ba ya jin maganar kowa. Shi ka nemo masa mai manya-manyan rubutu." Tana shirin ƙara wani abu na ɗaga hannu na ce ya isa, na riga na gane su. (Da na bari ta ƙarasa, da yau ba ni da labarin da zan bayar.)

Washegari na shiga kasuwa, shagon wani ɗan Ibo mai sayar da littattafai, na kusa zazzage masa kanta. Kaka na samo mata wani mai kauri a kan lafiyar tsofaffi: ciwon gwiwa, ciwon baya, da irin abincin da ya dace da wanda ba shi da haƙori. Baba Gana kuwa na dace da wanda kamar don shi aka buga. Siriri ne, hotuna kala-kala, baƙaƙe manya kamar na allon aji, labarin wani ɗan akuya mai taurin kai da ya ƙi cin abinci, ya ƙi jin maganar uwarsa, har ya faɗa rami. Ban tsaya nan ba. Na ɗauki jan biro na rubuta a shafin farko: "Ga Baba Gana. Ka riƙa cin abinci, ka daina rigima, ka riƙa jin maganar manya. Allah ya raya ka." Na haɗa da ƙullin alewa.

Bayan la'asar muka isa Mafoni ni da Modu. Aka shigar da mu wani faffaɗan zaure mai ƙamshin turaren wuta. Dattawa na zaune a kan darduma, a tsakiyarsu wani tsoho dogo, siriri, da farin gemu da tabarau mai kauri. Modu ya raɗa mini, "Alƙali ke nan." Muka durƙusa, na zuba "wushe, wushe" har da ƙari, aka amsa. Tsohon ya tambaye ni garinmu da sunan mahaifina da aikina, cikin Hausarsa mai taushi ta mutanen Borno, na amsa a natse. Wallahi har nan komai na tafiya daidai. Da na tashi a lokacin, da na fita da mutuncina.

Sai ya dubi jakata ya ce, "Malam, an ce kai mai littattafai ne."

Ai kamar an kunna rediyo. Na ce, "Allah gafarta Malam, haka ne. Yanzu ma na riƙo wa mutanen gida guda biyu. Ga na Kaka, in an shiga ciki a miƙa mata, a ce ina gaishe ta da jiki." Wani dattijo ya ɗago ya dube ni, ya dubi na kusa da shi. Na ci gaba, "Wannan kuma na Baba Gana ne. An ba ni labarinsa."

Alƙali ya ce, "To? Me aka ce maka?"

Modu ya yi tari. Na ce, "An ce rigimamme ne na gaske. Abinci sai an lallashe shi, magani sai an yi masa dabara, ba ya jin maganar kowa."

"Haka aka ce?"

"Wallahi kuwa. Amma kada ku damu, Allah gafarta Malam, irinsu nake fama da su kullum a aji. Ba duka suke so ba. Littafi ne maganinsu, in aka dace da wanda ya yi daidai da hankalinsu."

Modu ya sake tari, ya taka mini yatsa, ya tsunkule ni a cinya. Na waiwaya na ce masa a hankali, "Modu, ka sha ruwa mana." Sannan na juyo na yi wa dattawan Mafoni lacca a kan yadda ake zaɓa wa yaro littafi: a fara da mai hoto, a guji mai tsawo, a nemi labarin da zai ga kansa a ciki. Na ɗaga littafin na nuna musu ɗan akuyar, na ce, "Da ya ga wannan zai gane kansa." (Sai daga baya na tuna mai zanen ya yi wa ɗan akuyar ɗan farin gemu.) Zauren ya yi tsit, ni kuwa na ɗauka bayanina ne ya ratsa su. Na rufe da cewa, "A kira mini shi in ba shi da hannuna, har da alewa na riƙo masa."

Tsohon ya miƙo hannu ya ce, "Kawo. Ni ne."

Ban gane ba da farko, har na yi 'yar dariya. Sai na ga fuskar Modu, ya sunkuyar da kai kamar mai zaman makoki. A nan ne abin ya sauko mini gaba ɗaya. Ƙanin uba. Baba ƙarami. Mu ma fa a Zariya muna da Baba Ƙarami a gidanmu, mutum mai jikoki! Na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Ina cikin wannan hali sai ga wata 'yar yarinya ta leƙo daga cikin gida, ba ta wuce shekara shida ba, ta washe baki ba haƙoran gaba. Wani dattijo ya ce, "Kaka, zo ki karɓi littafinki, Malam yana gaishe ki da jiki." Sunan kakarsu aka sa mata. Ta rungumi littafin ciwon gwiwa da hannu biyu tana nishi.

Alƙali ya buɗe shafin farko, ya kawo shi kusa da tabarau, ya karanta jan rubutuna a fili, kalma bayan kalma, bai yi dariya ba, bai ɗaure fuska ba. Da ya kai "Allah ya raya ka" sai ya ce, "Amin." Dattawan ma suka ce, "Amin." Ya ajiye littafin a gefensa, ya sa alewar a aljihu, ya ce, "Mun gode. Ku gaida gida." Maganar turo manya kuwa ko alamarta.

A hanya, da muka kusa rabuwa, Modu ya ce, "Na ce ka yi shiru." Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba ko kaɗan. Na ƙi zuwa Maisandari don ban san da wane ido zan dubi Falmata ba. Na tabbata na rasa ta, kuma da bakina na rasa ta, wannan ya fi komai ci mini rai. Ko kabad ɗina na daina buɗewa. Yaro ya zo neman littafi na ce ya ɗauki duk wanda ya ga dama.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Modu ya zo ya ce Alƙali na nemana. Na hau kekena na tafi. Na same shi a ƙofar gida ƙarƙashin dalbejiya, Kaka na zaune a jikinsa, littafin ɗan akuya a buɗe, yana bi da yatsa yana karanta mata, ita kuma tana gyara masa muryar akuya. Littafin ciwon gwiwa kuwa ya naɗe shi cikin tsumma, ya ɗora ƙafarsa a kai. Na durƙusa na fara ba da haƙuri, ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Malam, rabona da in karanta boko da idona an daɗe. Jarida sai a karanta mini, rubutun ya yi mini ƙanana, sai rawa yake yi. Wannan ne ya tsaya wuri ɗaya na gan shi. Na karanta wa Kaka har ta haddace." Ya ƙara da cewa, "Ɗan akuyar nan dai ba shi da gaskiya. Amma uwar ma ta cika faɗa."

Na ce haka ne, Allah gafarta Malam. (A lokacin ko cewa ya yi ɗan akuyar ne ya rubuta littafin, haka ne zan ce.)

Ya juya shafin farko, ya ɗora yatsa a kan jan rubutun. "Abinci, na ci. Rigima, ina ƙoƙari. Saura na ukun. Ka ce in riƙa jin maganar manya, ni kuma na duba gidan nan kaf ban ga wanda ya girme ni ba. To ka aika Zariya, ka turo naka manyan in ji maganarsu."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Kaka ta leƙa fuskata ta ce, "Baba Gana, ba shi alewa ɗaya."

An ɗaura aure bayan damina. Har tsohon ya bar duniya, duk zuwan da zan yi Mafoni sai na riƙo masa littafi mai manyan baƙaƙe, shi kuma yana hango ni zai ce, "Malam, na ci abinci, a ba ni sabo." Ɗanmu na fari sunansa muka sa, shi ya gaji littafin ɗan akuyar da jan rubutun, kuma rigimar ma bai bar ta a ƙasa ba. Yanzu furfura ta fara fito masa, har yau Baba Gana ake ce masa.

Ban daina zaɓa wa mutane littafi ba, wannan cutar sai dai kabari. Amma tun daga ranar, ko wa aka ce in zaɓa wa, ko da an ce sunansa Jariri, sai na fara tambaya, "Shekarunsa nawa?" In kuwa Falmata na kusa, ba ta bari a amsa, sai ta ce, "Ku gaya masa har da gemu, in akwai."