Kujerar da Ba Ta da Ƙafa

"Lafiya ƙalau, Kaka. Shigo mana, ka toge a bakin ƙofa kamar baƙo."

Don Evaristo bai motsa ba. Shekara hamsin ya yi yana aikin kafinta a garin Sincelejo, kuma da hannunsa ya ƙera wa jikarsa Yurleidis kujera lokacin da ta samu aikin amsa kiran waya daga gida. Yau ga kujerar can a lungu an jibga mata wanki, ga Yurleidis gaban kwamfuta, ta yi ɗare-ɗare kan wata ƙatuwar ƙwallon roba ta motsa jiki.

Ya dire kwanon dafaffen rogo da cukun da ya kawo mata, ya ce, "Ƙwan wane tsuntsu ne wannan kike kwanci a kansa?"

"Kujera ce, tsoho."

"Kujera ba ƙafa? To in ya ƙyanƙyashe ki aiko min da ɗan tsakon."

"Da wane haƙorin za ka ci? Wanda ke kwana cikin kofi?"

"Haƙorana ko a kofin sun fi ki zama wuri ɗaya. Ji yadda kike rausaya kamar kwale-kwale. Masu kiranki ba sa jin jiri?"

"Su murya suke ji, kuma sun ce tawa ta fi ta rediyo daɗi."

"Kurame ne ke nan."

Ta yi dariya, sai kuma ta dafe ƙugu. Ta ce wata uku ke nan bayanta ke hana ta sakat, shi ne likita ya ce ta riƙa sauya wurin zama.

Tsohon ya juya ya kalli kujerar da ke lungun. Can ya ce, "Ashe kujerata ce ta karya miki baya."

Sai ta gane maganar ta taɓa shi. Ta sassauta murya ta ce, "Ba laifinta ba ne, Kaka, zaman awa takwas ne. Da rana kanta nake komawa." Sannan ta miƙe ta gangaro masa da ƙwallon. "Amma tunda ka raina ta, bismillah. Ko tsoro kake ji?"

"Ni? Na hau bijimi a filin wasa tun uwarki na rarrafe."

"Bara jaki ka ce."

"Jakin ne ya girma."

Ya gyara malafa, ya zauna. Ƙwallon ta sulale ta baya, ƙafafunsa suka yi sama, Yurleidis ta yi wuf ta cafe shi ta hammata.

"Sake ni, ban faɗi ba," ya ce yana haki. "Ƙarƙashin teburin na leƙa. Rabonki da shara tun Kirsimeti."

Dariya ta kusa kayar da su duka biyun. Da ya samu numfashi sai ya jawo ƙwallon, ya shiga auna gindinta da taƙin hannu, yana ƙunƙuni.

"Me kuma kake yi?"

"Zobe zan yi mata na katako, ta zauna ciki ta daina yawo. Ba za a ce jikata ta faɗi a bakin aiki ba."

"Ka yarda kujera ce ke nan."

"Za ta zama dai, ranar Asabar. Kuma duk wanda ya tambaya ki ce Evaristo ne ya ƙera ta, masu kanti iska kawai suka hura."