Ramboshin Kawu Sule da Kyamarata

Ba zan taɓa mantawa da ramboshin Kawu Sule ba, kuma ko na so in manta, dangi ba za su bar ni ba. Har yau in aka haɗu wurin suna ko biki sai wani ya tsokano maganar, a yi ta ƙyaƙyata dariya kamar jiya abin ya faru. Ni kuwa har yanzu haushi nake ji, kuma mafi yawan haushin na kaina ne.

Lokacin ina malamin gona a Faskari, a shekarun nan da kuɗin mai suka sa kowane ƙaramin ma'aikaci ya fara tafiya yana buɗa hannuwa. Wasu suka sayi rediyo mai kaset, wasu agogo mai sheƙi, ni na sayi jan babur da kyamara. A Zariya na sayo kyamarar. Mai shagon ya nuna mini inda ake leƙawa da inda ake dannawa, iyakar karatun da na yi a kanta ke nan. Amma in ka gan ni rataye da ita a wuya sai ka rantse ni na ƙera ta. (Har gonakin auduga nake zuwa da ita. Me zan ɗauka a gonar auduga? Oho.)

Kawu Sule ƙanen mahaifiyata ne, manomi a wani ƙauye kusa da Sabuwa. Mutumin kirki ne, matsalarsa ɗaya: su, wato kamun kifi. Duk shekara in ruwa ya ja baya aka shiga su a gulbi, sai ya dawo da 'yan tarwada a kwando da labarin wani ƙaton kifi da ya kuɓuce masa. Taubashinsa Alhaji Mamman, mai sayar da hatsi a Ƙanƙara, shi ya laƙaba masa suna Sarkin Kifin da Ya Tsere. Da farko wasan taubasai ne, amma sunan ya bi shi har gida. Abin ya kai ko maganar iyakar gona Kawu ya sa baki, sai ka ga ana murmushi ana kallon juna. Yana yin kamar bai damu ba, amma mun san abin yana ci masa rai.

To, wata ranar su, a ƙarshen rani, na je gaishe shi na tarar gari duk ya tafi gulbi, sai na bi su. Ina isa na ji ihu. Kawu ne cikin taɓo har ƙugu, ya rungume wani abu baƙi yana ta kiran a taimaka. Sai da ƙarti suka shiga kafin aka jawo shi tudu. Ramboshi ne, wato babban yayan tarwada, irin wanda tsofaffin garin suka ce ba su taɓa ganin kamarsa a wannan ruwa ba. Da aka ɗaga shi tsaye, wutsiya na ƙasa, bakinsa ya kai haɓar Kawu. Faɗin kansa kamar faifai. Wallahi da idona na gani, ba labari aka ba ni ba.

Kawu ya waigo yana haki, taɓo har cikin kunne, idonsa ya faɗa kan kyamarata.

"Ɗana, Allah ne ya kawo ka! Ɗauke ni da shi yanzun nan, in kai ma Mamman ya gani da idonai."

Da a nan na danna, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma ina! Ai ni gwani ne. Na gyara murya na ce hoto ɗaya ya rage mini a fim, saboda haka a yi abin bisa tsari: ya je ya yi wanka ya sa kaya, a ɗauka a ƙofar gida. (Kada ku tambaye ni inda sauran fim ɗin ya tafi, za ku ji.)

Kafin Kawu ya fito daga wanka labari ya gama gari cewa za a ɗauki hoto. A wancan zamani, a ƙauye irin wannan, hoto ba abin wasa ba ne. Dagaci ya iso, ana biye da shi da kujera. Liman ya iso. Sarkin ruwa ya ce ai ruwansa ne, dole ya shiga. Maƙwabta suka ruga gida suka sako rigunan Sallah, wani tsoho har da laima. Aka shiga gardamar wanda ya girmi wani, domin a san mai zama gaba da mai tsayuwa baya. Ina tsaye cikin rana gumi yana bin bayana, kifi kuma ƙudaje sun fara gaishe shi.

Sai ga Kawu cikin farar babbar riga, yana ƙamshin turare. Na ce ya ɗaga kifin. Ya dubi rigarsa, ya dubi kifin, ya dube ni kamar na zage shi. Wani na hannun daman dagaci ya ce ai ba za a bar yauƙin kifi ya taɓa tufafin manya ba. Aka shimfiɗa tabarma gaban kujeru, aka kwantar da ramboshi a miƙe, kansa yana kallona, wutsiyarsa tana tsakanin ƙafafun Kawu. Ban ga wata matsala ba. Gwani fa.

Na leƙa. Rabin mutanen ne kawai suka shiga.

"Malam, na hito?" in ji wani daga gefe.

"Kada ka yanke mani ƙahwa, yaro," in ji dagaci. "Mutum ba ya hita hoto babu ƙahwa."

Na ja baya. Liman ya ce a tabbata rawaninsa ya fito duka. Na ƙara ja baya. Mai laima ya ce laimarsa fa? Wasu da suka makara suka manna kansu a gefe, na sake ja baya. Haka na yi ta tafiya da baya har na wuce gindin bishiyar da na ajiye babur ɗina, sai ga shi ya shigo ta gefen dama, ja, yana walƙiya. Gaskiya na gan shi. Kuma gaskiya ya yi mini kyau. Na ce kowa ya tsaya cak, na danna.

Da la'asar aka yanka ramboshi aka raba gida-gida, aka kai wa dagaci kan. Ni ma na ci rabona da tuwon dawa, na sha romo har ina lumshe ido. Kafin magariba babu abin da ya rage na wannan kifi a duniya sai abin da ke cikin kyamarata.

Wankin hoto sai Funtuwa, don haka na ba wani direba da ke bin hanyar Funtuwa zuwa Ƙanƙara fim ɗin. Kawu kuwa bai jira ba, ya aika wa Alhaji Mamman cewa ya tanadi bakin da zai ba da haƙuri. Ni ma ban yi shiru ba. Duk inda na zauna sai na ce zamanin musu ya wuce, hoto ba ya ƙarya.

Aka yi sa'a, ko in ce rashin sa'a, an haifa wa Alhaji jika, dangi duka za su taru suna a Ƙanƙara. Kawu ya shirya da direban ya kawo hotunan can. Bayan an raɗa suna an raba goro, ana zaune cike da ƙofar gida, sai ga direba da ambulan. Na miƙa hannu in fara dubawa, Kawu ya riƙe ni.

"A'a. Ba Mamman a ruhe, shi buɗe da hannunai. Kada gobe ya ce mun taɓa wani abu."

Alhaji ya farke ambulan ya fara zaro hotuna ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa kowa ya gani.

"Wanga kai ne bisa babur. Wanga ma kai ne, ka jingina da babur. Wanga kai ne kana goge babur. Ikon Allah. Wanga kuma babur ne shi kaɗai."

Mutane suka fara dariya, na yi yaƙe, na ce a ci gaba, na ƙarshen ne ake nema. Ya zaro na ƙarshe. Ya kai shi kusa da hanci, ya nesanta shi, ya aika a ɗauko masa tabarau. Ya sa, ya ƙura wa hoton ido.

"Sule, ina kihin?"

Kawu ya karɓa. Na leƙa ta kafaɗarsa. Can nesa ga jerin mutane ƙanana kamar ashana, kowa da ƙafafunsa cikakku, rawanin liman ya fito, laima ta fito. A gabansu kan tabarma akwai wani ɗan baƙin ɗigo. A gefen dama kuwa, ya cinye kusan sulusin hoton, ga babur ɗina, har lambarsa ana iya karantawa.

Hoton ya shiga yawo hannu zuwa hannu. Wani ya ce ɗigon takalmin dagaci ne. Wani ya ce a'a, kwaɗo ne. Wani ya sa farce yana kankarewa, wai ko kashin ƙuda ne. Na miƙe ina rantse-rantse, ina gwada tsawon kifin da hannu, ina cewa na gani kuma na ci. Alhaji ya bari sai da na gama.

"Malam, ba kai ne ka ce hoto ba ya ƙarya ba? To mu mun yarda da hoto." Ya sake duba shi, ya gyaɗa kai. "Babur kam an kamo babba."

Ƙofar gida ta fashe da dariya. Wani tsoho sai da aka bubbuga masa baya saboda goro ya sarƙe shi. Ni dai na rasa inda zan sa fuskata, kyamarar nan a wuyana ta koma kamar an rataya mini dutsen niƙa.

Kawu bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Sai da zan mayar da shi tasha a kan wannan la'anannen babur, muna tafiya, ya matso kusa da kunnena.

"Ɗana, da can in na ba da labari, wasu na cewa ƙila gaskiya ne. Yanzu ka ba su shaida."

Bai sake ba da labarin kifi a gaban mutane ba har ya koma ga Allah, alhali wannan karon shi ne mai gaskiya.

Shi ya sa yanzu in jikokina suka nuna mini hoton wani a waya ya turo kifi gaba har ya rufe masa fuska, suna tambaya ko gaskiya ne, sai in ce ban sani ba, ku tambayi wanda ya ɗauka inda ya tsaya. Abin da na koya kuwa, in aka kira ka shaida kan abu, matsa kusa da abin, ko da za ka yanke wa dagaci ƙafa.