Muryar Malam Sale a Bangon Aji Huɗu

Ko zan manta da komai na aikin koyarwa, ba zan taɓa mantawa da ranar da na haska mamaci a bangon ajinmu ba. Muryarsa ɗaya tak da ta rage a duniya tana hannuna, ni kuwa na mayar da ita abin burge mutane.

Lokacin sojoji sun koma bariki, 'yan siyasa sun shiga yayin rabon kaya a makarantu. Wani ɗan majalisa ya kawo wa firamarenmu a Wudil kwamfutar tafi-da-gidanka da majigi, aka tura ni kwas Kano in koyo yadda ake haɗa wa yara labari da hoto da murya. Na dawo kaina ya kumbura. (Matata ta ce har tafiyata ta canza, kamar wanda aka naɗa kwamishina.)

Labarin farko na ce a kan koginmu zan yi shi. Ina da ɗaliba a aji huɗu, Hafsatu, babanta Malam Sale masunci ne. Na ari kyamara, na bi shi bakin ruwa da kwamfuta a hammata. Ya gyara hula ya ce, "Malam, ni fa ba a taɓa ɗaukata hoto ba, ka ɗauka da kyau." Na ɗauke shi tsaye a kwalekwale, na naɗi muryarsa, na juye komai a kwamfuta, na goge kyamarar na mayar wa mai ita.

Sai na zauna yi wa labarin kwalliya. Duk wani salo da aka koya mana sai da na cusa shi. Hoto ya shigo yana juyi, rubutu ya faɗo daga sama, tafi ya ɓarke. Ban nuna wa kowa ba, har Hedimasta, wai ina so in ba su mamaki ranar raba kyaututtuka. Ana cikin haka aka sake kiranmu Kano kashi na biyu na kwas, a tsakiyar damina, ban dawo ba sai da safiyar ranar taron.

A nan na fara ɓata rawata. A garinmu gaisuwa ita ce rediyo. Kafin a gama "ya gida, ya iyali, ya aka ji da ruwa", ka san wanda ya haihu da wanda ya rasu. Ni ranar ban gaisa da kowa ba. Hedimasta ya tare ni a ƙofa ya ce, "Malam, sannu da hanya. Ko ka samu labarin..."

Na ce, "Ranka ya daɗe, bari in tayar da inji tukuna."

Aka toshe tagogi da tabarmi, iyaye suka cika bencina, yara a ƙasa. Na hango Hafsatu manne da wata tsohuwa. Har na yi mamakin rashin zuwan uwarta. (Takaba take yi. Kowa a ɗakin ya sani, ban da mai majigi.)

Na danna. Malam Sale ya shigo bango yana juyi kamar waina a tanda, tafin kwamfuta na biye da shi. Ɗakin ya yi tsit. Na ce a raina, yau na kashe bakin mutanen Wudil. Sai muryarsa ta fito ta lasifika, tar: "Sunana Sale, tun ina yaro nake cikin ruwan nan. Iya ba ta so in shiga da damina, kullum sai mun yi faɗa." Ya yi dariya.

An koya mana a kwas cewa a riƙa jawo masu kallo cikin labari. Na taka har gaban tsohuwar, na rusuna da murmushina na ce, "Iya, kin gane wannan? Faɗa wa yara sunansa."

Ta kawar da kai, ta ja mayafi.

Na ce, "Haba Iya, kada ki ji kunya, duk 'yan gida ne."

Wani a baya ya yi salati. Hedimasta ya damƙi hannuna ya ce a hankali, "Ɗanta ne na fari. Ruwa ya ci shi bayan tafiyarka. Kashe abin nan."

Ɗan fari. Matar da tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba saboda kunya, wadda aka ce ko ranar jana'iza ba ta bari an ga hawayenta ba, ita na tsaya a kanta ina cewa ta faɗi sunan a gaban jama'a.

Na ruga wajen kwamfuta in kashe. Na danna, shafin ya koma farko. Malam Sale ya sake shigowa yana juyi, aka sake tafi, ya sake cewa Iya ba ta so ya shiga da damina. Injin wutar nan da kullum sai an yi masa magiya, ranar ko tari bai yi ba. Hafsatu ta tashi ta je ta dafa bango daidai ƙafar babanta tana kuka, hasken na kan bayanta. Sai da wani uba ya fizge waya sannan aka samu lafiya. Iya ta kama hannun jikarta suka fita.

Ana watsewa na kulle kaina a aji. Kunya da haushin kaina suka rufe min ido, na goge labarin, na goge hoton, na goge muryar. Na bi su har kwandon shara na ƙarasa su, yadda aka koya mana. Na ji kamar na wanke laifina.

Washegari na je ta'aziyya, ban iya ɗaga kai ba. Bayan 'yan kwanaki, an tashi yara, sai na ji sallama a bakin aji. Iya ce ita kaɗai. Na durƙusa na fara ba da haƙuri, ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Ba wannan ya kawo ni ba, Malam. Yaron nan da ka sa a bango. Ka rufe ƙofa ka kunna min shi, ni kaɗai. Amma ka ce ya tsaya wuri ɗaya, ban da tafin."

Na ce, "Iya, na goge."

Ba ta gane ba. Ta ce, "To, in ka rubuto shi, ka aiko Hafsatu ta kira ni."

Na kai kwamfutar wajen masu gyara a Kano, suka duba suka ce ba ya dawowa. Ni na je na faɗa mata da bakina. Ta ce, "Allah Ya sa haka ne mafi alheri," ta tambayi lafiyar iyalina. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi, don har yau abin yana cina.

Ina nan ina haɗa wa yara labarai, amma hotunana yanzu tsaye suke shigowa, ba juyi ba tafi. Ba na goge komai ina cikin jin kunya. Kuma duk Wudil ba wanda ya kai ni doguwar gaisuwa; sai na tambayi lafiyar kowa a gidanku, ɗaya bayan ɗaya, kafin in taɓa inji.