Wuyan Mai Girma Gunakar Bhusal

A shekarun da ake magana, unguwar Baneshwor ta birnin Kathmandu ba ta da abin da ya fi furanni yawa. Daga bakin titi har ƙofar majalisa rumfuna ne na masu saƙa sarƙar fure ruwan ɗorawa, wadda ake rataya wa manya a wuya. Duk mai son rubuta tarihin zamanin, wajibi ne ya fara da wuyan Mai Girma Gunakar Bhusal, domin babu wuyan da ya yi wa Nepal hidima kamarsa.

'Yan unguwa Maratayi suke ce masa. Da zarar an ambaci sunansa a taro, sai ya miƙe, ya haɗa tafin hannu, ya sunkuyar da kai a rataya masa. Ɗan majalisa ne, shi ne shugaban kwamitin binciken bankuna, kuma adalci ya sa a faɗa cewa ya bincike su matuƙa: babu bankin da bai ci abincin rana a cikinsa ba, bai kuma taɓa fitowa wuyansa wayam ba. Rahoton ne kawai bai samu sukunin rubutawa ba.

Yawancin furannin daga hannun Pabitra Tamang suke fitowa. Ita da Manmaya, wadda ita ma mace ce, sun tsufa a ɗaki ɗaya. Kotu ta yarda aka yi wa aurensu rajistar wucin gadi, amma dokar auren kanta ba a gyara ta ba. Manmaya tana kwance ba lafiya, rumfar furensu da sunanta take, 'yan'uwanta maza kuwa har sun fara auna ta da ido.

Pabitra ta tare Mai Girma a ƙofar mota. "Ranka ya daɗe, gobe ce fa ranar ƙarshe kafin ku tafi hutu."

"Ƙanwata, kwantar da hankalinki," in ji shi. "Ni ne uban gyaran doka a ƙasar nan. Banki, aure, kotu, duk suna cikin aljihun rigata. In na buɗe baki, duwatsun Himalaya ma kasa kunne suke yi."

"To a daure a buɗe shi kafin abincin rana, ranka ya daɗe. Bayansa mun san hali."

A wannan majalisa, idan wakili ya miƙe ba da izini ba, ma'anarsa ɗaya ce: ya ƙi a ci gaba da zama. Yara ma sun san haka.

Washegari, bayan shinkafa da miyar wake sun zauna masa, Mai Girma ya shiga zurfin tunani ido a rufe. Ministar shari'a ta gabatar da dokar aure, saura ƙuri'a. Sai ta ga ya dace ta gode wa waɗanda suka taimaka, "musamman Mai Girma Gunakar Bhusal."

Wuyan ya ji sunansa kafin mai shi ya farka. Ya miƙe, ya haɗa hannu, ya sunkuya.

'Yan adawa suka zabura. "Ga na gwamnati ma ya miƙe! A kawo rahoton bankuna!" Suka tashi gaba ɗaya suna dukan tebur. Kakakin majalisa ya yi roƙo har ya gaji, ya rufe zaman shekarar.

A ƙofa 'yan adawa suka rataya masa sarƙar da ta kusa kai shi ƙasa. Ya dubi 'yan jarida ya ce, "Lamirina ne ya tashe ni tsaye."

Pabitra ta gane sarƙar. Ita ta saƙa ta da asuba, da niyyar rataya masa idan doka ta wuce. 'Yan adawa ne suka saye ta a hannun maƙwabciyar da ta bar wa tsaron rumfa.

Har yau rahoton bankuna bai fito ba. Dokar aure tana jiran sabon zama. Rajistar Pabitra da Manmaya ta wucin gadi ce har yanzu, 'yan'uwan Manmaya kuwa sun daina aunawa da ido, sun zo da igiyar awo.