Rasuwar Tocilar Ɗan Baba a Ƙasan Rijiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Ɗan Baba mai yasar rijiya na garin Madarunfa yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, na nan gari da na garuruwan Safo da Sarkin Yamma, da duk ƙauyen da ya taɓa shan ruwan da ya gyara, rasuwar abokiyar aikinsa, wato jar tocilarsa mai cin batir uku. Ta rasu ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a bakin aiki, a ƙasan tsohuwar rijiyar wani ƙauye da ke hanyar Safo. Ba ita kaɗai ba ce a wurin lokacin da abin ya faru. Mai ita yana nan, akwai kuma na ukunsu, wanda za a zo kan zancensa in zuciya ta ɗan kwanta.

Marigayiyar 'yar kasuwar Ɗan Issa ce, daga teburin Hamza mai kayan wuta. Ranar da Ɗan Baba ya je nemanta, ya tarar da 'yan'uwanta birjik: ga mai rediyo a ciki, ga mai jiniya, ga mai caji wadda ba ta rayuwa sai a gidan da ke da lantarki. Shi kuwa buƙatarsa ba ta da yawa. Yana son mai haske, mai sauƙin kuɗi, wadda za a sami abincinta a teburin kowane ƙauye. Matsalar ita ce da rana tsaka kowace tocila mutuniyar kirki ce, ba a gane mai haske da mai ƙarya. Sai ya ari buhun hatsi wanda ba komai a ciki, ya tsuguna a tsakiyar kasuwa, ya cusa kansa ciki, Hamza yana miƙa masa su ɗaya bayan ɗaya. 'Yan canji suka bar canji suna dariya, direbobi suka taru suna tambaya ko aljanu ne suka taɓa shi. Da ya fito, ita ce a hannunsa. Ba ta fi sauran kyau ba, tana ma cikin masu araha.

Waɗanda suka zauna da ita sun shaide ta da haƙuri da riƙon amana. Ba ta taɓa ƙin shiga rijiya ba, komai zurfinta. Ita ake fara zurawa da siririyar igiya, tana juyawa a hankali tana duba bango, sai ta dawo lafiya sannan mai gidanta ya ɗaure ta a gefen kansa da robar taya ya sauka. Tare suka tsamo guga ba adadi, da takalma, da wayoyin hannu, da ɗankunnen wata amarya, da wani bunsuru da bai gode musu ba. Ba ta da surutu. Maganarta ɗaya ce, “ƙyas”, in an tashe ta. In gajiya ta kama ta kuwa, a ɗan mare ta a ƙeya ta ce “kwas”, ta buɗe ido ta ci gaba da aiki ba tare da riƙo ba.

Babban halinta shi ne rufa asiri. Duk yankin nan an yarda Ɗan Baba yana da maganin maciji, an ce kakansa ne ya ba shi a fura, har iyaye suna nuna shi ga 'ya'yansu a matsayin namijin duniya. Gaskiyar magana, bawan Allah nan tsoron duhu yake ji fiye da yaron goye. Da zarar bakin rijiya ya koma kamar faifai a can sama, sai bakinsa ya bushe alhali yana tsaye cikin ruwa. Marigayiyar ta san wannan sarai. Ta ji addu'o'in da yake karantowa a birkice, ta ga hawayen da yake cewa zufa ce, kuma har ta koma ba ta gaya wa kowa ba.

Rashin lafiyar ajalinta ya faro ne a makon gasar kokowa ta ƙasa baki ɗaya. Alhassan, yayan Ɗan Baba, shi ne mai riƙe masa igiya tun da suka fara sana'ar, kuma mutum ne da in ana kokowa a rediyo ko gobara ba ta tashinsa. Ɗan Baba ya sayi sababbin batir saboda aikin rijiyar hanyar Safo ya sa mata. Ana tsakar wani karo mai zafi rediyon Alhassan ya shaƙe, sai ya lallaɓa ya kwashe abincin baiwar Allah ya ba rediyonsa, har aka gama gasa. Da ya ga sun yi sanyi, ya yi musu jinyar da kowa ya sani a ƙauye: ya shanya su a kan rufin kwano suka sha rana, ya bi su da cizo ɗaya-ɗaya har haƙoransa suka fito a jikinsu, ya mayar mata ya rufe. Wannan magani yana aiki, ba a musu. Abin da masu yin sa ba su cika faɗa ba shi ne, lafiyar da yake bayarwa ba ta kai a sha kofin shayi.

Da safiyar Talata ta tashi garau, haskenta har ya fi na kullum. Aka zura ta, ta duba bango ta dawo ba ta ga komai ba. Ɗan Baba ya yi bisimilla ya sauka. Ya fara cika guga da laka ke nan sai ya ga hasken ya koma rawaya. Kafin ya miƙe ya koma ja, kamar garwashin da toka ta fara rufewa. Da wannan ɗan numfashi da ya rage mata ta yi masa hidimarta ta ƙarshe. Ta nuna masa wata tsaga a bangon siminti, daidai kafaɗarsa, da wani baƙin kai yana fitowa daga ciki, ya fasa wuya yana kallonsa. Gamsheƙa ne, kuma ba ƙarami ba. Daga nan ta rufe ido.

Ya mare ta, ta ce “kwas”, ba ta farka ba. Ya sake marinta da ƙarfin da bai san yana da shi ba, roba ta zame, sai ya ji “tsundum” a wajen ƙafarsa. Wannan ce maganarta ta ƙarshe a duniya. Abin da ya biyo baya ba muryarta ba ce, wani huci ne “fuuu” kusa da kunnensa, a cikin duhun da ko tafin hannunsa ba ya gani. Ya san gamsheƙa ido yake nema ya tofa wa dafi, don haka ya runtse nasa, ya rasa ta inda zai juya, domin ko'ina bango ne kuma bai san wane bangon ba. Ya buɗe baki ya kwarara ihu.

A can sama Alhassan yana nuna wa mutanen ƙauye yadda aka yi kayen ƙarshe, igiya a hannu ɗaya. Ya leƙo ya ce, “Mi ka ce, Ɗan Baba? A jawo guga?”

“Yaya, ni za ka jawo! Ni! Ja, don girman Allah!”

Aka ja. Ya fito gwiwa da gwiwar hannu duk sun saluɓe, ido a rufe gam, wandonsa a jiƙe har inda ruwan rijiyar bai kai ba. Aka ce ruwa ne, kuma jama'a suka yi masa kara. Da Alhassan ya ji yadda aka yi, sai ya dafe kai ya ce, “Wallahi batir ɗin nan sun sha rana, ƙanena. Da haƙorina na cije su.” A lokacin haƙoran Ɗan Baba ma aiki suke yi.

Marigayiyar ta bar robar da ake ɗaure ta da ita, da siririyar igiyarta, da rediyon Alhassan wanda ya ci abincinta kuma yana nan cikin ƙoshin lafiya. Ta bar Ɗelu, uwargidan Ɗan Baba, wadda ta saba aronta in za ta leƙa rumbu. Ta kuma bar mai gidanta, wanda tun ranar ba ya shiga ɗakinsa sai an dafe masa ƙofa a buɗe, kuma ya riga ya kashe igiyar shanya da taɓarya har sau biyu.

Game da magajiya, an koma Ɗan Issa. Hamza ya yi ta'aziyya, ya kawo buhu da kansa. Ɗan Baba ya cusa kai, duhu ya rufe shi, bakin buhun ya goge shi a wuya, sai ga shi ya yi waje da baya ya ture tiren mai gyaɗa. Bai sake komawa ciki ba. Ya zaɓi wata mai maɗauri da ake sawa a goshi, mai sauƙin kuɗi, wadda Hamza ya rantse haskenta yana kaiwa ƙetaren iyaka. Ya sayi batir a cikin ledarsu, ya rataye su a wuya tare da layunsa, ko wanka ba ya cire su. Amma a hasken rana ya zaɓe ta, kuma ba wanda ya san halinta a inda ake buƙatarta.

Sai batun jana'iza, wanda shi ne ya hana iyalin barci. Gawa tana nan inda ta faɗi. Rijiyar nan ita kaɗai ce mai ruwan daɗi a ƙauyen, kuma batir ɗin da aka cije ba ya daɗewa cikin ruwa bai fashe ba, don haka mai gari ya hana ɗiba har sai an fito da ita. Mata suna can suna tafiya mai nisa da jarkoki a amalanken jaki. An zura reshen ƙaya ko baƙon zai hau ya fito, an yi hayaƙi, ba wanda ya ga fitarsa. An nemi wani gardi, ya ce shi macijin tudu ya gada. Mai gari ya aiko cewa ba wata damuwa, tunda Allah Ya hore musu mutumin da maciji ba ya taɓawa. In Ɗan Baba ya ce ba zai shiga ba, asirin da marigayiyar ta rufe zai tonu, sana'ar kuma ta bi ta. Ya ce wa ɗan aike yana zuwa, da wata murya da shi kansa bai gane ta ba.

Saboda haka za a ɗauko gawa ranar Alhamis da hantsi, in Allah Ya kai mu, a binne ta a bayan gari nesa da ruwa. Ba salla, ba zaman makoki, ba a buƙatar goro. Ana roƙon masu halarta su kasance maza masu ƙarfin damtse, su tsaya a bayan Alhassan su kama igiya da hannu biyu, kada a yi hira. Duk sautin da aka ji daga ƙasa, ko tari ne, a ja kawai, a yi tambaya daga baya. Ɗelu ta ce ita ba za ta iya zuwa bakin rijiyar ba, tana gida a kan tabarmar salla. Ta ce a gaya wa jama'a ba ta neman gaisuwar kowa, addu'a ɗaya take roƙo a taya ta: gawar da za a fito da ita ranar Alhamis, Allah Ya sa guda ɗaya ce.